Angona Ba Ya Gumi, Ni Kuma An Ɗaure Min Baki

Malama mai filin shawara, ki taimake ni don Allah. Amma kafin ki taimake ni sai kin ci wannan, ke da masu karanta ki: wace ce tana zaune a lungu ba ta zuwa ko'ina, ciki ƙato, baki a buɗe amma ba ta taɓa ba kowa shawara ba, kullum jikinta sharkaf da gumi alhali ko tsinke ba ta ɗaga ba? In kin kasa sai ki ba ni gari, kuma ki sani ba na karɓar ƙauye.

To ga abin da ya kawo ni. Ki yi haƙuri da rubutun, karatuna bai yi nisa ba, bakina ne ya yi nisa.

Ina da jika namiji, ɗan babbar 'yata. Ita 'yar fari ce, ko a gida ba na kama sunanta balle a jarida. Shi kuwa yaron Tsoho muke ce masa, kuma ni na raɗa masa. Shekararsa huɗu amma gashin kansa kina iya ƙirgawa kina tsaye. Haƙora biyu kacal suka fito masa, su ma masu tsini kamar fensirin da aka fere. Muryarsa a dishe kamar ta dattijon da ya wuni yana sasanta rikici. Ni nake ce masa angona, shi kuma ya ce shi ba ya auren mace mai minshari. In muka zauna cin nama ni da shi, naman ne yake yi mana dariya.

Tun yana jariri, da zafi ya taso sai jikinsa ya ɗauka kamar dutsen guga. A kai shi kemis, a ce zazzabin sauro ne, a yi allura. A kai asibitin unguwa, a ɗebi jini, a ce ba a ga komai ba. A dawo gida, bayan kwana kaɗan a koma. Ni kuwa ina da ilimina da na gada, wanda na raini 'ya'yana duka da shi: in zazzabi ya kama yaro, a lulluɓe shi da bargo, a sa masa hula da safa, a rufe taga, ya yi gumi ciwon ya fita. Haka uwata ta yi mana, haka duk matan layinmu suke yi. Sai in naɗe Tsoho kamar kayan da za a aika wata ƙasa, in zauna ina jiran gumi. Shi kuma ya yi ta tsala ihu yana harbin bargon. Da na juya baya sai ya zame, ya rarrafa har lungun da randar ruwan sha take, ya kwanta a kan simintin nan mai danshi, ya manna kumatunsa a jikinta, ya yi tsit har barci ya ɗauke shi. In ɗauko shi ina faɗa, wai sanyi zai shige shi. Ya koma. Muka ɗauke randar muka kai ta bayan ƙofar kicin, ya bi ta can. Har na fara cewa wannan angon nawa ba ni yake so ba.

Kin san mutane ba sa ganin abu su yi shiru. Gwaggon ubansa ta ce yaron da ke son wurin ruwa haka ai da iska a jikinsa. Maƙwabciyarmu mai kitso ta ce uwar ce ta ci wani abu tana da ciki. Wata kuma ta ce ba a ba shi madara isasshiya, shi ya sa haƙora suka ƙi fitowa. Duk wannan a kan 'yata yake sauka, ita da take wuni a kan keken ɗinki ta dawo ta yi jinya. Na ga yarinyar nan ta rame har zobenta yana zamewa.

Ranar da abin ya kai maƙura, a cikin motar haya ne da tsakar rana, an cika mu kamar kaji a kwando, ga cunkoso motar ba ta motsi. Tsoho yana kan cinyata, na lulluɓa masa mayafina wai kada rana ta taɓa shi. Sai na ji yaro ya sandare, idanu sun juye. Malama, ban san ina da sauran gudu a ƙafata ba sai ranar. Allah ya saka wa direban nan da alheri, shi ya biyo ni ya mayar da mu mota, ya sauke mutane, ya ratsa ta lungu ya wuce da mu babban asibiti.

A can, bayan ya farfaɗo, aka haɗa mu da wata likitar yara, yarinya ƙarama da ita, ina kallonta ina cewa wannan ai ba ta fi in aike ta sayen gishiri ba. Ta duba kansa, ta duba bakinsa, ta shafa bayansa, sai ta tambaye mu ko a cikinmu akwai wanda ya taɓa ganin yaron nan ya yi gumi. Muka kalli juna ni da uwarsa. Ni da nake wanke rigunansa tun yana zanen goyo, sai a lokacin na tuna ban taɓa jin warin zufa a wuyan rigarsa ba. Shekaru ina lulluɓe shi ina jiran abin da jikinsa ba ya yi. Daga nan ta juyo kaina, ta ce in buɗe bakina, sannan in ɗan zame ɗankwalina. Na ce mata rabon da wani ya nemi in cire ɗankwali tun marigayi maigidana yana da rai. Ta yi dariya, amma ta duba. Gashina dama ba na a zo a gani ba ne, shi ya sa ko kishin mai kitso ba na yi. Haƙorana biyu na sama kuwa ba faɗuwa suka yi ba, ba su taɓa fitowa ba, ni ce na yi ta yanga da gurbin tun ina budurwa ina ce wa samari wushirya ce.

Ta tambaye ni ko a ɗakinmu an taɓa haihuwar namiji mai irin wannan kama. A nan dariyar ta ƙare. Ina da ƙane da ya rasu bai kai ga tafiya ba, a lokacin zafi. Uwarmu takan ce kansa sumul kamar ƙwai, kuma zazzabi ne ya tafi da shi duk da ba ta taɓa barin sa a buɗe ba. Har ta koma ga Allah tana faɗin haka, ba ta taɓa barin sa a buɗe ba. Na zauna a kujerar asibitin nan na yi kukan da ya kwana a cikina tun ina yarinya.

Amma ki ji daɗin labarin. Aka yi gwaji, aka ce ciwon yana da suna. Sunan dogo ne na Turanci, bakina ba shi da kayan aikin faɗarsa. Likitar ta ce abu ne na gado da ba kasafai ake samunsa ba, yana hana ƙofofin gumi da gashi da haƙora fitowa yadda ya kamata. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne, ba abin da uwarsa ta ci, kuma ƙwaƙwalwarsa lafiya lau, wanda dama ni na sani, don yaron da yake ɓoye min carbi ya ce sai na biya shi da alewa ba ƙwaƙwalwa ce ta dame shi ba. Ta ce abin da ake tsoro shi ne zafi, in an kiyaye masa shi zai girma ya yi karatu ya yi aure kamar kowa. Wallahi Malama, ranar na ci abinci har da ƙari.

Ubansa mai gyaran firji da fanka ne, kin ga Allah ya san inda ya ajiye yaron. Ya haɗa masa wata 'yar fanka mai batir, ya wanke kwalbar fesa ruwa ya rataya masa a wuya. Uwar ta ɗinka masa riguna marasa nauyi da ake jiƙawa a sa masa. Da yamma in rana ta yi sanyi, sai ki gan shi a tsakar gida da jiƙaƙƙiyar riga yana buga ƙwallo, yana fesa wa kansa ruwa, in na yi magana ya fesa min. An ma yi masa haƙoran roba ƙanana. Ya riga ni samu, kuma kullum sai ya zo ya washe min su. An mayar da randar lungunta, ba mai ƙara ɗaga shi daga wurin. Bargon kuwa na ba wa mage.

To ina matsalar, za ki ce. Ga ta.

Likitar ta ce irin namu ta wajen mata yake bi. Mace tana iya ɗauke da shi ba ta sani ba, sai ta haifi namiji ya bayyana. An gwada babbar 'yata, tana ɗauke da shi. Ni ba a gwada ni ba tukuna, amma bakina da kaina da ƙanena sun riga sun ba da shaida. Ina kuma da auta, tana gidan miji da tsohon ciki, cikin fari, kuma hoton asibiti ya nuna namiji ne. Haihuwar a tsakiyar zafi za ta faɗo. Da na je duba ta, surukarta, mace mai kirki wallahi, ta jawo akwati tana nuna min abin da ta tanada wa jikanta: hulunan ulu, safa, rigunan sanyi, da wani bargo mai kauri da ko ni na shiga sai na dahu. Tana murna, ni kuma ina yaba kaya a baki kawai.

Ita kuwa babbar 'yata ta sa na yi mata alkawari ba zan gaya wa kowa ba, har autar. Kuma ban ga laifinta duka ba. Ta ce ta sha baƙar magana a wurin dangin miji lokacin da ba a san komai ba, ina ga an ji cewa daga ɗakinmu abin ya fito? Ta ce za a ɗora wa ƙanwarta tambari tun ba ta haihu ba, a ce an auro ciwo. Ta ce mai ciki ba a tayar mata da hankali, a bari ta haihu mu zuba ido, in mun ga alama sai a faɗa. Ta ce kuma ba ta son ɗanta ya zama abin nuni. Sai ta ƙare da cewa ta san ni, in na fara magana ba birki. Wannan ta ƙarshen ce ta fi min zafi, don gaskiya ce.

Ga kuma matsala ta biyu, wadda take manne da ta farko. Likitar ta gaya mana akwai wata 'yar ƙungiya ta iyayen yara masu irin wannan, suna aiki da masu bincike. Yaran ba su da yawa, don haka kowane gida da aka samu yana da daraja a wurinsu. Suna son yawuna a kwalba, da tarihin danginmu, kuma suna neman wanda zai riƙa zuwa wurin awon ciki da rigakafi yana gaya wa iyaye mata da ungozomomi cewa jaririn da ba ya gumi ba a lulluɓe shi. Malama, tun da nake zubar da yawuna a banza wajen surutu, yau ga masu so a kwalba, ga masu neman mai surutu, a ce kuma an ɗaure min baki! 'Yata ta ce a'a, ba kwalba, ba taro, ba hoto.

Ni dai abin da ke hana ni sakewa shi ne bargon nan da ke cikin akwati. In karya alkawari in gaya wa auta, in ɓata da 'yar da ta sha wahala har ta fara samun sauƙi? Ko in yi shiru in zuba ido kamar yadda uwata ta zuba? Ki ba ni shawara, kuma kada ki ce min in yi haƙuri, wannan ina da shi buhu-buhu.

Taki,
Kakar Tsoho

*

Kaka,

Barka da arziki. Na karanta wasiƙarki na yi dariya, na share ido, na sake yin dariya. Allah ya raya Tsoho, ya jiƙan ƙanenki da mahaifiyarki. Ita da ke da sauran matan layinku kun yi abin da kuka sani ne da zuciya ɗaya, kuma babu wanda yake zaɓar abin da zai gada ko ya gadar. Wannan ki ajiye shi gefe, kada ki ƙara ɗauka.

Alkawarin da kika yi, a ganina, abu biyu aka ƙulle a ƙulli ɗaya, kuma ba mai su ɗaya ba. Akwai labarin Tsoho: sunansa, hotonsa, wa zai sani a unguwa, wa zai sani a dangin ubansa. Wannan na iyayensa ne, kuma na shi kansa in ya girma. A nan 'yarki ta fi ki gaskiya. Matar da aka yi shekaru ana jifa da magana tana da haƙƙin ta ce a bar ta ta huta, kuma tsoron da take yi wa ƙanwarta ba ƙirƙira ba ce, mun san bakin mutane. Ki riƙe mata wannan da kyau, ko a wurin kitso.

Amma akwai abin da wataƙila yake cikin jininki, wanda auta ma 'yarki ce kamar yadda babbar take. Wannan ba sirrin mutum ɗaya ba ne da zai kulle. Shawarar a bari a haihu a zuba ido tana da rami a cikinta: jariri sabon haihuwa dama ba shi da haƙora, da yawa kuma ba su da gashin kirki, to wace alama za ku jira? Sau da yawa alamar farko ita ce zafin jikin da kuke gudu, kuma lokacin yaron yana ɗakin da ba ku ciki, cikin hula da bargo. Auta tana buƙatar sani kafin ta haihu.

Sai dai kada ki zagaya ta bayan babbar. Ki same ta ku biyu, lokacin da ba ta kan keke kuma ba baƙo. Ki gaya mata labarin akwatin kamar yadda kika gaya min, ba da wasa ba wannan karon. Ki ce mata ba za ki taɓa labarin ɗanta ba, amma ba za ki iya ɓoye wa ƙanwarta abin da ya shafi cikinta ba, kuma kin fi so ku faɗa tare. In ta ƙi, ki sanar da ita a fili cewa za ki faɗa, da lokacin da za ki faɗa, don kada ta ji a bakin wani. Za ta iya yin fushi. Fushin da ake yi a kan yaro mai rai yana hucewa.

Kuma ba ke za ki yi bayanin ba, Kaka, da ke da birkinki. Ku koma wurin likitar nan, ki nemi a gwada ki, a ba auta da mijinta lokaci su ji daga bakinta. Ni ba likita ba ce, amma a yadda aka bayyana muku gadon, ko da kina ɗauke da shi ba dole ne auta ta ɗauka ba, ko ta ɗauka ma ba dole ne ɗanta ya samu ba. Zai fi yiwuwa yaron ya zo lafiya ƙalau. Wannan ita ce maganar da za a fara gaya wa mai ciki, sannan a gaya mata cewa in ma ya zo da shi, ga ɗan yayarta can yana buga ƙwallo. A sanar da masu karɓar haihuwa tun da wuri. Surukar kuwa ba sai an buɗe mata tarihin dangi ba in auta da mijinta ba su so. Ya isa ɗanta ya ce mata likita ya hana lulluɓe jaririn da kaya masu nauyi har sai an duba shi. In kina da 'yan'uwa mata da kuke ciki ɗaya, su ma da 'ya'yansu mata suna da haƙƙin ji, a hankali, ta wannan hanyar.

Batun kwalba, yawun naki ne, ba ki buƙatar izinin kowa, amma tarihin dangi ya taɓa wasu, don haka ki gaya wa 'yarki kafin ki je. Ki tafi da wanda zai karanta miki takardar yarda a tsanake. Ki tambaye su me za su yi da abin da suka karɓa, wa zai gani, ko za a ɓoye sunaye, ko kina iya janyewa in kin canza ra'ayi. Masu binciken kirki ba sa jin haushin tambaya, kuma ba sa yi wa kowa alkawarin magani gobe. Abin da kika bayar wataƙila ba Tsoho zai amfana ba, sai jikokinsa. Hakan ma ba ƙaramin abu ba ne.

Wurin awo da rigakafi kuwa, ki je, don irinki suke nema. Matan da ke zaune a benci da jarirai a naɗe ba za su saurari takarda ba, amma za su saurari tsohuwar da ta sa su dariya. Ba ki buƙatar sunan jikanki ko hotonsa. Kina da wushiryarki, kina da labarin ƙanenki, waɗannan naki ne halak malak. Ki kuma riƙa haɗa musu da cewa zafin jikin jariri, da gumi ko babu, asibiti ake kai shi. Na yi imani in 'yarki ta ga kin yi wata da watanni kina magana ba ki ambaci ɗanta ba, ita da kanta za ta sassauta. Kafin nan, ki tuna mata malamin ajin Tsoho dole ya sani, don kada wata rana a tsayar da shi a rana.

Allah ya sauki auta lafiya, ya sanyaya zuciyar babbar, ya bar ki da angonki har ya kawo miki wadda ba ta minshari.

Garin kuwa ba zan bayar ba. Randa ce. Ruwa ne yake tsattsafowa ta jikin yumɓunta, iska ta busa shi ta yi sanyi, kuma da wannan gumin nata jikanki ya yi ta sanyaya jikinsa tun yana rarrafe.